Man Jirgi a Tankin Mota: Tambayar Mai Karatu Daga Gusau

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Na sayo BMW tokumbo mai turbo daga Kwatano, a murfin tanki an rubuta oktan 95, to in na taka ta a hanyar Funtuwa da rana tsaka sai in riƙa jin injin na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Abokina ya ce in nemi man ƙananan jirage mai dalma in riƙa haɗawa, wai shi motocin tsere ke sha. Mi kag gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka zuba man nan, ko kyauta aka ba ka.

Ƙarar da kake ji man ne ke kamawa da wuta da kansa kafin wutar fulogi ta kai gare shi, saboda matsi da zafi. Oktan kuwa ma'aunin juriyar mai ne ga wannan matsin, ba ƙarin ƙarfi ba ne, shi ya sa mai Corolla ko 98 ya zuba kuɗinsa kawai ya ƙona, amma inji mai turbo (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji) irin naka yana buƙata da gaske, in bai samu ba kwamfutar motar sai ta ja lokacin wuta baya, mota ta rage ƙarfi ta ƙara shan mai, in abin ya daɗe fistin ya ci wuya.

Abokinka ya yi gaskiya a abu ɗaya, dalma na ɗaga oktan, tun 1923 aka fara sayar da irin man a Amurka, kuma man jirage 100LL har yau da ita a ciki. Sai dai motarka ba don shi aka ƙera ta ba, zai kashe sansar hayaƙi ya toshe indomin salansa (matatar hayaƙin da ke cikin salansa), ga dattin da zai bari a fulogi. Su kansu 'yan gasar tseren motoci ta NASCAR a Amurka sun bar man da ke da dalma tun 2007, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar wa motoci a 2021.

Kuma wallahi abin da ya fi damuna ba injin ba ne. Mu a Zamfara ai ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, a 2010 yara sama da 400 muka binne a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sanadin haƙar zinare, waɗanda suka rayu wasu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Ita ce dai za ta fito ta salansarka ta kwanta a ƙurar ƙofar gida inda yara ke wasa.

Ka daina shan man 'yan bumburutu, ka tsaya a gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, a sa maka kwamfuta a duba sansar da ke jin ƙarar, da fulogi da lagireto, sannan ka rage takawa a zafin rana. Maganin ƙara oktan na kwalba yana ɗan taimakawa, amma karanta jikinsa, mai ɗauke da sinadarin MMT yakan bar jan datti a fulogi.