Filogin na'urar kariyar wutar motar gidana ya narke: in sake sayen wata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, kuma ina da motar gida irin wadda ake kira RV, mai layin wuta na amp 30. A zafin bana mun yada zango a wani sansani, washegari na tarar filogin na'urar kariyar wuta ya narke, ƙafarsa ɗaya ta yi baƙi, alhali bireka bai yanke wuta ba. Na'urar ce ba ta da inganci, ko in sayi mai tsada?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka zargi na'urar, ka tuna aikin da aka yi ta dominsa, wato shanye hauhawar wuta ta farat ɗaya irin wadda tsawa ke kawowa. Zafin da ke narkar da filogi daga wani wuri yake fitowa, wato mahaɗar ƙafafun filogi da bakin soket. Soket ɗin sansani kullum ana cusa masa filogi ana zarewa, yana shan rana da ruwa, har ƙarafan cikinsa su saki, su daina damƙe ƙafar filogi. Idan mahaɗa ta yi sako-sako ko ta yi tsatsa, sai wuta ta riƙa kutsawa ta ɗan ƙaramin wuri, wurin kuma ya yi zafi.

Lissafin yana da sauƙi. Zafin yana ƙaruwa ne da ninkin wutar da ake ja sau kanta, saboda haka idan turjiyar mahaɗar, wato yadda take hana wuta wucewa, ta kai om 0.05 kacal, kana kuma jan amp 25, to kusan wat 31 ke ƙonewa a wurin da bai fi kan ɗan yatsa ba, a cikin roba. Zafin ya ƙara sassauta ƙarfen, sassaucin ya ƙara zafi, haka za a yi ta yi har robar ta narke. Bireka kuwa yawan wutar da ke wucewa yake aunawa, kuma tun da ba ta haura amp 30 ba, ba shi da dalilin yankewa.

Sai batun lodi. Layin amp 30 a bolt 120 iyakarsa wat 3,600, kuma ƙa'idar aikin lantarki ta Amurka ta tanadi kada lodin da zai ɗauki awa uku ko fiye ya wuce kashi 80 cikin ɗari, wato amp 24. Iyakwandishan ɗin rufin mota kan ja amp 12 zuwa 16, hitar ruwa kuma kimanin 12, don haka su biyun kaɗai sun kai ka gaɓa tun kafin uwargida ta kunna na'urar ɗumama abinci. A ranakun zafi, lokacin da kowa a sansani ya kunna iyakwandishan, ƙarfin wuta kan ragu, abin da mutanenmu a gida suka daɗe da sani, kuma injin iyakwandishan ya kan ƙara jan wuta a wannan hali.

Shawarata ita ce kada ka sake amfani da filogin da ya ƙone, ko da ka kankare shi ya yi kyau, domin ƙarfen da ya sha wuta ba ya komawa yadda yake. Ka duba ɗaya bakin na'urar, inda wayar motarka ke shiga, da filogin wayar kansa, saboda filogi mai tabon ƙuna yana lalata sabon soket cikin ɗan lokaci. Idan za a sa sabon filogi, a ba mai gyaran wuta ya ɗaure wayoyin tamau. Duk inda ka sauka nan gaba, ka kashe bireka kafin ka cusa filogi ko ka zare shi, don tartsatsi yana cinye ƙarfe. Idan ka ga bakin soket ya yi baƙi, ko filogi ya shige ba tare da ka danna ba, ka nemi a canza maka wuri. Ka kuma tallafe na'urar da igiya, kada nauyinta ya riƙa jan filogin ƙasa, sannan bayan awa guda da kunna iyakwandishan ka taɓa bayan robar: ɗumi ba laifi, amma idan hannu ba ya iya jurewa, a kashe wuta nan take.

Tambaya: Ni kuma yanzu zan saya. Na ga na'urorin kariyar wuta masu araha, da masu tsada da ake kira EMS, wato masu sa ido kan ƙarfin wutar da ke shiga motar. Wanne ya fi?

Amsa: Hajiya, idan da hali, EMS ɗin za ki saya. Mai araha yana tare hauhawar wuta ne, wani kuma ya nuna da fitila idan an haɗa wayoyin soket ba daidai ba. EMS kuwa yana yanke wuta da kansa idan ta sauka ƙasa da kimanin bolt 102 zuwa 104, ko ta haura 132, kuma raguwar wuta ta fi tsawa yawan kashe iyakwandishan. Kamfanonin Progressive Industries da Hughes da Southwire duk suna yin irinsa, wasu samfuran Surge Guard na Southwire ma suna yankewa idan filogi ya yi zafi, kuma wannan ne zan fara dubawa a jikin kwali.

Akwai wanda ake ɗaurawa a cikin motar dindindin. A ganina ya fi, domin ya rage mahaɗa guda ɗaya daga layin, kuma ɓarawo ba ya ganinsa, sai dai dole ƙwararre ya ɗaura shi. Ki tabbata kin sayi wanda ya dace da layin motarki, na amp 30 mai ƙafa uku ko na amp 50 mai ƙafa huɗu.