Warin kulorin a wurin ninkaya: yawa ya yi ko kaɗan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da ɗan wurin ninkaya a gida. Ruwan garau yake, amma yara suna fitowa da jajayen idanu, ga warin kulorin har falo. Yaron da ke kula da wurin ya ce maganin ne ya yi yawa, yau kwana huɗu ke nan bai zuba ba. Ya yi daidai? Kuma yaya zan gwada ruwan da kaina?
Wata uwa daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, a hana yaran shiga sai an gwada. Ina kyautata zaton yaron nan ya yi kuskure, irin wanda kusan kowa ke yi. Warin nan mai hawa kai ba na kulorin mai aiki ba ne. Idan kulorin ya gamu da gumi da fitsari (kin dai san halin yara a ruwa), sai ya rikiɗe ya zama kuloramin. Shi ne mai warin, shi ne mai sa ido ja, kuma ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ake so. Sau tari ruwan da ke wari haka ƙari yake nema.

Kayan gwaji iri biyu ne: 'yar takardar da ake tsomawa, da kwalba mai maganin ɗigawa ko ƙwaya. Takardar ta wadatar don dubawar yau da kullum, muddin ba a bar ta a zafi ko laima ba. Amma a matsalarki ki kula da wannan: maganin OTO, mai mayar da ruwa rawaya, yana haɗa mai aiki da wanda ya riga ya lalace ya ba ki jimilla, sai ki ɗauka komai lafiya. Ki nemi DPD, mai ba da ruwan hoda. Ƙwaya mai lamba 1 tana nuna kulorin mai aiki, mai lamba 3 kuma, in an ƙara ta a kan ta farkon, jimilla. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta haura 0.5 cikin miliyan, kuloramin ya taru, sai a zuba kulorin mai yawa lokaci guda bayan magariba, a bar injin tacewa ya kwana yana aiki.

Abin da ake nema shi ne kulorin mai aiki 1 zuwa 3 cikin miliyan, a kwamin wanka mai ruwan ɗumi kuwa kada ya gaza 3. Sai pH, ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8. Shi mutane suka fi rainawa, alhali a 7.5 kusan rabin kulorin ne ke da ƙarfin kisa, a 8 kuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ki gyara shi tukuna, in ba haka ba asarar magani kawai za ki yi ta yi.

Ki ɗebo ruwan gwajin daga zurfin gwiwar hannu, nesa da bututun da ke dawo da ruwa, ki duba launin a hasken rana. Sau biyu ko uku a mako ya isa, amma a bazara, ko lokacin ƙurar hunturu, ko bayan an yi ruwan sama, kullum ne, don rana na cinye kulorin cikin 'yan sa'o'i.

Wani tarko kuma: idan kulorin ya yi yawa ƙwarai, launin ruwan hoda na DPD yakan bayyana ya ɓace nan take kamar babu komai. In kin ga haka, ki sirka da ruwan gora rabi da rabi, ki sake gwadawa, ki ninka sakamakon biyu. Ki kuma ja wa yaron kunne kada ya taɓa haɗa kulorin da asid a bokiti ɗaya, iskar da ke tashi guba ce.