Yadda Rubutu Zai Zama Sana'ar Da Za Ta Riƙe Ka

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda rubutu zai riƙe ka alhali wani watan aiki ya yi yawa, wani watan shiru.

Abin da ya taimake ni shi ne na riƙe fanni ɗaya har aka san ni da shi. Kada ka dogara da mai ba da aiki guda, ranar da ya janye sai ka rasa tudun dafawa. Kafin ka fara, ku rubuta yarjejeniya: kuɗi, ranar miƙawa, da sau nawa za a yi gyara. Na taɓa yin aikin mako biyu ba a biya ni ba saboda rashinta. Watan samu, ka ware na watan rashi. Batun haraji da haƙƙin mallaka kuwa, ka tuntuɓi akanta ko lauya.