Sandar Tuƙi Ɗaya Ta Ishi Mai Farawa: Amsoshi Ga Masu Koyon Tuƙin Jirgi A Kwamfuta

Wasiƙun da suka shigo wannan makon sun taru a kan manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgin sama, wato irin su Microsoft Flight Simulator da X-Plane, waɗanda mutum ke zaune a ɗakinsa ya ɗaga jirgi daga Kano ya sauke shi a Yamai. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, domin su ne suka taɓa kuɗi kai tsaye.

Tambaya: Na sa Microsoft Flight Simulator a kwamfutata, amma idan na danna maɓallan kibod sai jirgin ya riƙa fizga har ya kife. Na ga masu bidiyo suna da sitiyarin Honeycomb Alpha da akwatin totur na Bravo da fedojin ƙafa. Shin in tara kuɗi in saye su gaba ɗaya? (Wani ma'aikaci daga Kano)

Amsa: Malam, kada ka saye su yanzu. Fizgar da kake gani ba gazawarka ba ce, domin maɓallin kibod hali biyu kawai ya sani, ko an danna shi ko an sake shi, alhali jirgi yana buƙatar a karkata shi kaɗan-kaɗan kamar yadda direba ke murza sitiyari a kan kwana. Abin da ya gaza a teburinka shi ne na'ura mai aunawa daga kaɗan zuwa da yawa. Idan akwai hannun wasan Xbox a gidan, ka jona shi yau, za ka ga bambanci tun kafin ka kashe ko kwabo.

Sayayyar farko da nake ba da shawara ita ce sandar tuƙi guda ɗaya, wadda ake kira joyistik, mai abubuwa uku a jikinta: tana lanƙwasa gaba da baya da gefe, ana murɗa ta dama da hagu domin juya jelar jirgi, kuma tana da ƙaramin totur a gindinta. Logitech Extreme 3D Pro ta daɗe tana yi wa masu farawa wannan aikin. Thrustmaster T.16000M ta ɗara ta tsada, amma tana auna lanƙwasawarta da maganaɗisu, ba da ƙarfen da ke gogar juna ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga kowane lungu na ɗaki. Ɓangaren murɗawarta dai na tsohon salo ne, kuma shi ne yakan fara ba da matsala idan sandar ta tsufa.

Sitiyari irin na Honeycomb kaya ne mai kyau, kuma ya yi kama da abin da ke cikin jiragen Cessna da Boeing, yayin da jiragen Airbus na zamani ke amfani da sanda a gefen matuƙi. Matsalarsa ga mai farawa ita ce ba ya zuwa shi kaɗai. Ba a murɗa shi domin juya jela, don haka dole a sayi fedoji, kuma ba shi da totur a jikinsa, don haka dole a sayi akwatin totur. Sayayya ɗaya ta zama uku ke nan, dukkansu masu nauyi, kuma wanda ya taɓa yin odar kaya daga waje ya san kuɗin dako da na kwastan suna bin nauyi da girman kwali. Ka yi wata uku da sanda ɗaya. Idan har lokacin zuciyarka tana kan abin, fedoji ne sayayya ta biyu, kafin sitiyari da kafin totur, domin su ne ke koya wa ƙafa aikin da take yi a jirgin gaske.

Idan ta hannu za ka saya, ka je da kwamfutarka. Ka jona sandar, ka rubuta joy.cpl a wurin bincike na Windows, ka buɗe shafin gwaji, ka saki sandar ka dubi alamar da ke tsakiya. In tana rawa ita kaɗai ba tare da an taɓa ta ba, ka mayar wa mai ita.

Tambaya: Na sayi sandar, amma duk lokacin da na buɗe totur domin tashi sai jirgin ya karkata hagu ya sauka daga kan titi. Wani lokacin kuma totur yana tsalle da kansa. An sayar mini da mai lahani ne? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: Ɗan'uwa, matsaloli biyu ne daban, kuma mai yiwuwa babu ɗaya da ya shafi lafiyar sandar. Karkatar hagu gaskiya ce ta jirgi mai farfela ɗaya. A Cessna 172 farfelar tana juyawa dama idan an kalle ta daga kujerar matuƙi, iskar da take turawa tana nannaɗe jikin jirgin ta bugi jelar daga hagu, ƙarfin injin kuma yana neman murɗa jirgin kishiyar juyin farfelar. Shi ya sa kowane malamin tuƙi ke nanata wa ɗalibinsa ya taka fedar dama lokacin tashi. A wurinka takawar ita ce murɗa sandar zuwa dama kaɗan, ka riƙe ta a haka, ka kuma buɗe totur a hankali maimakon bankaɗa shi lokaci guda.

Tsallen totur kuwa yawanci yana faruwa ne idan na'urori biyu suna riƙe da aiki ɗaya. Manhajar tana raba wa kowace na'urar da aka jona ayyuka da kanta, saboda haka idan hannun Xbox yana jone kuma sanda tana jone, kowannensu yana ba injin umarni. Ka shiga shafin saitin na'urori, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar ayyuka huɗu, wato ɗaga hanci da sauke shi, karkata fukafukai, juya jela da totur, kowanne yana hannun na'ura guda kawai. Ka kuma kula cewa an ɗaura su a matsayin ma'auni mai tafiya, ba a matsayin maɓalli ba, domin jerin yana ɗauke da sunaye masu kama da juna, kuma wannan ya ruɗe mutane da yawa. A X-Plane manhajar tana neman a juya kowace sanda iya ƙarshenta a karon farko domin ta san iyakarta, kuma bai kamata a tsallake wannan matakin ba.

Bayan haka akwai saituna biyu da suka cancanci zama a kansu. Na farko shi ne ɗan filin tsakiya da manhajar ke yin biris da motsin da ke cikinsa: a bar shi ƙarami, iya abin da zai kashe rawar sandar, domin idan ya yi faɗi jirgin zai riƙa jinkirin amsawa sannan ya amsa da ƙarfi. Na biyu shi ne kaifin amsawa. Sandar tebur gajera ce, motsin yatsa biyu a kanta yana daidai da motsi mai yawa a jirgin gaske, don haka a rage kaifin a kusa da tsakiya, musamman na hanci da na jela. Kada a kwafi lambobin wani daga intanet, tunda sandarsa ba taka ba ce. A canja abu ɗaya, a tashi, a sauka, a duba.

Abin da na fi so ka ɗauka daga wannan amsar shi ne tirim, wato ƙaramin saitin da ke ɗauke wa hannu nauyin riƙe hancin jirgi. Ka ba shi maɓallai biyu mafi kusa da babban yatsanka, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Mafarin da bai san tirim ba yakan yi sa'a guda yana kokawa da sanda har kafaɗarsa ta gaji, ya kuma ɗauka haka tuƙin yake. Filaf, wato sashen bayan fukafukai da ake saukarwa lokacin sauka, da birki su biyo baya, sauran maɓallan kuma su jira. Ka adana saitin da sunan jirgin, sannan ka gwada shi a filin Malam Aminu Kano, wanda lambarsa ita ce DNKN: ka ɗaga hanci idan gudun jirgin ya kai wajen not 55 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), ka hau ƙafa 1,000 sama da ƙasa, ka zagayo ka sauka a wajen not 65, ka maimaita har sau goma. A cikin saitin taimako kuma ka kashe wanda ke juya maka jela da kansa, in ba haka ba zai riƙa jayayya da hannunka.

Tambaya: Abokina ya ba ni jerin ƙarin kayan da ya ce dole in saya: Boeing 737 na PMDG, Airbus na Fenix, da rajistar Navigraph. Da wanne zan fara? (Wani mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Ka ajiye jerin tukuna. Jiragen PMDG da Fenix an yi su ne domin wanda ya riga ya iya sauka, ya kuma shirya zama da littafin jirgi na makonni. Wanda ya fara da su yakan koyi danna maɓallan matuƙi mai sarrafa kansa, ranar da aka ce ya sauke jirgin da hannu kuma sai ya rasa ta inda zai fara. Idan sha'awar babban jirgi ta matsa, akwai Airbus A32NX na FlyByWire kyauta a Microsoft Flight Simulator, akwai kuma gyaran Zibo na 737-800 kyauta a X-Plane, kuma zurfinsu ya ishi mutum shekara. SimBrief yana tsara hanya da lissafin mai ba tare da biya ba, Little Navmap kuma taswira ce ta kyauta. Navigraph yana sabunta bayanan hanyoyin sama duk kwana 28 kamar yadda ake yi a duniyar gaske, amma amfaninsa yana bayyana ne idan ka fara tashi a VATSIM ko IVAO, inda mutane na gaske ke aikin hasumiya suna ba ka umarni da murya.

Ƙa'idar saka irin waɗannan ƙarin kayan ita ce ɗaya bayan ɗaya. A Microsoft ana zuba su cikin folda mai suna Community, a X-Plane filayen jirgi suna shiga Custom Scenery. Ka saka guda, ka kunna manhajar, ka tashi, sannan ka saka na gaba, domin idan ka zuba ashirin a dare ɗaya manhajar ta fara rufewa, ba za ka gane mai laifin ba. Bayan kowane babban sabuntawa, in matsala ta taso, ka kwashe foldar gefe ka gwada manhajar tsurarta. Ka kuma duba ko kayan na Microsoft Flight Simulator fitowar 2020 ne ko na 2024, tunda ba duka ke aiki a biyun ba. Kwafin sata da ake rabawa a rukunonin waya kuwa ka nisance su, domin haƙƙin masu aikin ne, kuma ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta suka saba shigowa.

Tambaya: Ɗana yana son zama matuƙi, yana roƙona in saya masa wannan manhajar. Za ta amfane shi, kuma kwamfutar gida za ta ɗauka? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, za ta amfane shi wajen sanin agogunan jirgi, karanta taswira da sabawa da kalmomin rediyo, amma sa'o'in da ya yi a ɗaki ba sa shiga lissafin lasisi. Wannan sai a makarantar da aka amince da ita, irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da ke nan garinku tun 1964.

Kafin ki saya ki dubi intanet da wuta. Microsoft Flight Simulator na 2024 yana janyo yawancin duniyarsa daga intanet yayin da ake tashi, yana kuma neman ƙwaƙwalwar kwamfuta ta gigabait 16 a ƙalla, don haka gidan da ke sayen data ta wata-wata zai ji a jikinsa. X-Plane 12 yana ajiye ƙasarsa a cikin kwamfuta, ana iya sauke yankin Afirka kaɗai, kuma yana da gwajin kyauta na minti 15 a kowane tashi, wanda zai nuna miki ko kwamfutar za ta ɗauka. FlightGear kyauta ne baki ɗaya. Ki bar shi ya yi wata guda da gwajin X-Plane ko FlightGear. Idan ya dage, ki saya masa sanda, kuma idan kwamfutar ta tebur ce ki haɗa da ƙaramin batirin ajiye wuta, domin ɗaukewar lantarki a tsakiyar sabuntawa tana iya lalata fayilolin da sake sauke su zai ci datar wata guda.