Ƴar'uwa, kafin ki miƙa wa ɗan canjin nan kuɗinki

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tun jiya da dare na ga tambayar ƴar'uwarmu da ta ce saura wata ɗaya ta kai mahaifiyarta Umara, tana da sefa miliyon 3 na guzuri, ba ta san ko dola za ta saya ko yuro ko riyal ba, kuma an haɗa ta da wani ɗan canji a Yamai da ya ce zai ba ta dola ƙasa da farashin banki. Wallahi ina kaiwa wurin "ƙasa da farashin banki" sai da na ajiye talho, gabana yana faɗuwa. Ƴar'uwa, abin da ya same ni ke nan a 2022. Na so in yi shiru, don ko a dangi ba kowa ya sani ba, amma barci ya ƙi zuwa.

Ni malamar makaranta ce a nan Tawa. Innata ta sayar da shanunta biyu, ta haɗa da kuɗin albasar gonarta na shekara biyu, ni kuma na ɗauki adashe, muka biya ajans mai shirya tafiyar, abin da ya rage muka ce na guzuri ne da magani da tsaraba. Ƙarshen Satumba ne, lokacin da yuro ya faɗi ƙasa da dola, dola ɗaya ta haura sefa 680. Na tambaya a banki aka faɗa mini farashin da ya kusa 690, kuma sai na kawo fasfo da biza da tikitin jirgi, sannan in jira a kawo daga Yamai. Na ga abin ya yi tsawo. Sai wani ɗan'uwan mijina ya ce akwai ɗan garinmu a Yamai, Ba'adare kamarmu, zai ba ni a 660. Na buga lissafi, a dola 3,000 zan rage kusan jikka 90. Jikka 90 ga mai albashi irin nawa ba wasa ba ne, kuma ina ganin ai na gida ne.

Muka shiga mota, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, muka isa Yamai saura kwana huɗu jirgi ya tashi. Mutumin ya zo ranar farko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna, ya ce ta sa shi a addu'a idan ta ga Ka'aba. Wannan durƙuson ne har yau yake ci mini rai. Ya ce gobe da safe zai kawo. Gobe ta yi, ya ce kaya ba su iso ba. Jibi ya kashe talho. Sai daren da za mu tashi, bayan magariba, an ɗauke wuta a unguwar, ya kira ya ce in fito yana ƙofar gida cikin mota, sauri yake. Na shiga bayan motar da miliyon ɗaya da jikka 980 a leda. Ya miƙo damin takardun dola ɗari-ɗari ɗaure da roba, na haska da fitilar talho na ƙirga sau biyu, 30 cif. Ƙirgawa na iya, dubawa ce ban iya ba. Ba resi, ba shaida sai direbansa. Har godiya na yi masa, har Inna ta aiko masa da goro.

A Madina na zare biyar na sama na canza, lafiya lau. Sai da muka zo Makka, kwana biyu bayan mun yi Umara, ƙafar Inna ta kumbura, ina so in kai ta a duba ta in kuma biya mai tura keke, na je wurin canji kusa da Harami na miƙa sauran 25. Mutumin ya zuba su a na'ura, ta yi ƙara ta tsaya. Ya sake zubawa, ta sake tsayawa. Sai ya fara ɗaga su ɗaya-ɗaya a haske, yana murza su da babban yatsa, yana raba su kashi uku. Goma ya ajiye dama. Takwas ya ce tsofaffi ne, sai dai ya karɓa da ragi. Bakwai ɗin ya riƙe a hannu yana kallona, ya ce in ba shi fasfo.

Ƴar'uwa, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Layi a bayana, mutanen duniya kala-kala, kowa yana leƙowa. Ba na jin Larabci in ban da na salla, Faransancina ba shi da amfani a wurin. Abin da yake yawo a kaina shi ne Inna tana ɗaki ita kaɗai, ba ta san lambar ɗakin ba, ba ta iya hawa na'urar hawa bene ba, idan aka tafi da ni wa zai ba ta maganin sukari da la'asar? Bakina ya bushe, ina ta faɗin "wallahi saya na yi, wallahi saya na yi" da Hausa. Allah ya jefo wani dattijo Bahaushe mazaunin can, ya ji ni, ya matso ya tambaye ni daga ina, na ce Tawa. Ya daɗe yana magana da mutumin, yana nuna ni, yana nuna jakar ajans da ke wuyana. Daga ƙarshe aka turo mini fasfo da takardun bakwai ta ƙarƙashin gilashi, dattijon ya ce, "Ƴata, kada ki ƙara fito da waɗannan a ƙasar nan, laifi ne babba." Dola 700, sefa jikka 462 na biya a kansu. Kuɗin bijimi guda na Inna ke nan ya zama takarda.

Na ɓoye mata har muka dawo. Tsarabar jikoki na rage, dabinon da ta yi wa maƙwabta alkawari na sayi rabi, tana tambaya ina cewa kaya sun yi tsada. Na yi wa uwata ƙarya a Makka saboda wani mara tsoron Allah. Da muka sauka Yamai na nemi mutumin kwana biyu, na same shi zaune a benci yana shan shayi. Na zube masa takardun. Ko taɓa su bai yi ba, ya ce, "Hajiya, waɗannan ba nawa ba ne, can aka musanya miki." Ya tambaye ni ina shaidata. Ɗan'uwan mijina da ya haɗa mu ya ce in bar wa Allah kada zumunci ya ɓaci. Na so in je komisariya, aka ce da wace takarda? Na bar shi, amma ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe. Mutumin da ya roƙi tsohuwa addu'a da bakinsa, ya san me ke cikin damin nan lokacin da yake karɓar goronta.

Ki yi haƙuri na ja zance. Ga abin da kika tambaya. Saudiyya dola ake kaiwa, domin riyal a ɗaure yake da dola, dola ɗaya riyal 3.75, tun 1986 haka yake. Idan kin miƙa dola 100 mai kyau kin san abin da za ki karɓa bai yi nisa da riyal 375 ba, ba mai juya ki. Sefarmu kuwa da yuro take ɗaure, yuro ɗaya sefa 655.957 tun 1999. Shi ya sa dola take hawa da sauka a wurinmu, bin tsakaninta da yuro take. Da Faransa za ki ko Italiya da na ce yuro kawai. Yuro ma ana canza shi a Makka, amma farashinsa yana motsi kullum. Ki iya wannan lissafin da kanki: ki duba dola nawa ne yuro ɗaya a ranar, ki raba 655.957 da shi. Misali idan 1.10 ne, dola tana wajen sefa 596, riyal kuma wajen 159. BCEAO, babban bankin da yake fitar da sefa, ita ma tana saka farashin kowace rana a shafinta na intanet. Banki zai ɗora kamashonsa a sama, ɗan canji ma zai ɗora ribarsa. To wanda ya ce zai ba ki ƙasa da wannan lissafin, ki tambayi kanki a ina shi ya samo ta, kuma me zai ci? Ni a ranar ban yi wa kaina wannan tambayar ba, dola tana 680 a duniya wani yana ba ni a 660.

Ba ina cewa duk ƴan canji macuta ba ne, wallahi akwai na kirki, akwai masu shago da izinin hukuma, suna da na'ura, suna ba da resi mai hatimi. Irinsu ko banki za ki je, da rana tsaka, kuma tun yanzu, kada ki bari sai saura kwana biyu. Gaggawa ce makaminsu. Resin kuma ki adana, ƴan duwan suna iya tambaya a filin jirgin Diori Hamani. A lokacin tafiyata dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashenmu masu sefa, ta 2010 ta tsayar da tsabar kuɗin waje da matafiyi zai fita da ita a kwatankwacin miliyon 2, sauran sai ta kati ko wata hanyar banki. An sabunta dokar a ƙarshen 2024, don haka ki sa bankinki ya faɗa miki adadin da ake aiki da shi kafin ki canza miliyon 3 ɗin gaba ɗaya.

Ki ce sabuwar ɗari kike so, mai shuɗin zare, wadda ta fito a 2013. Ki karkata ta, a cikin zaren za ki ga ƙararrawa suna komawa 100 suna motsi. Zaren saƙa shi aka yi cikin takardar, nawa na jabu fenti ne kawai, ba ya motsi. Ki ɗaga a haske ki ga inuwar fuskar mutumin a gefen dama, ki shafa kafaɗarsa a babban hotonsa ki ji kaushi. Tsofaffin ɗari marasa shuɗin zare, mai ƙaramin kai da tsohon babban kai, kada ki karɓa ko an rantse miki. A Amurka suna aiki, amma ke ba Amurka za ki ba. Mai yagewa ko rubutun biro ma ki mayar. Ki jera su a tebur ki ɗauki hoton lambobinsu a gaban mai sayarwa. Da na yi haka da bai ce ba nasa ba ne.

Kada ki ɗauki sefa ki ce can za ki canza. Tun 1993 BCEAO ta daina karɓar takardun da aka fitar waje, wanda zai karɓa a hannunki yanka ki zai yi. A filin jirgin Jidda ki canza kaɗan kawai, na ruwa da layin talho. Idan kina da katin banki ki tabbatar mai Visa ne ko Mastercard, wanda yake GIM zalla, wato katin bankunan yankinmu, a ƙasashenmu takwas yake aiki, kuma ki sa a buɗe miki shi don waje. Ki raba kuɗin gida uku, wasu a lalita a jikinki, wasu a jikin Hajiya, wasu a kati.

Sannan don Allah ki ware kuɗin keke tun daga gida. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau 7 ne, wajen kilomita 3, bayan ɗawafi. Tsofaffinmu ba sa faɗin sun gaji, Inna sai da ƙafa ta kumbura na gane. Ki rubuta sunan otal da lambar ɗaki a takarda ki rataya mata a wuya, maganinta kuma ya zauna a jakar hannu, kada ya shiga akwati.

Takardun nan bakwai suna nan cikin ambulan a ƙasan akwatina. Idan kina Tawa ki yi mini magana ta gefe, ki zo bayan an tashi makaranta, in ɗora miki su kusa da ta gaskiya ki taɓa da hannunki. Ki gaida mini Hajiya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.