Tambaya da Amsa: Illar Sayen Kamfani Sama da Darajarsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina harkar kayan masarufi a kasuwar Singa. Akwai wata masana'antar leda a Sharaɗa da aka sa a kasuwa. Akantana ya ce ba ta wuce naira miliyan 600 ba, amma wani ya shigo cinikin har kuɗin ya kai miliyan 900. Raina na son ta. In na biya, me zai biyo baya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Miliyan 300 ɗin da ke sama ribarka ce ta shekaru masu zuwa, za ka damƙa wa mai sayarwa tun injin bai buga maka leda ko ɗaya ba.

Mu ƙaddara masana'antar na kawo ribar miliyan 90 a shekara. A kan miliyan 600, kashi 15 cikin 100 ke nan. A kan 900, ta sauko kashi 10. Injin bai sauya ba, kwastomomi ba su ƙaru ba.

In kuwa cikon daga banki zai fito, nan gizo ke saƙa. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke karɓa. Ruwan miliyan 300 kaɗai ya haura miliyan 80 a shekara, kusan duk ribar. Ina kuɗin dizal, ɗanyen kaya da albashi? Daga nan ake fara jan jarin shago ana ciyar da masana'anta, har shagon ya rame.

A littafin lissafi, abin da ya haura darajar fili, injina da kaya ana rubuta shi a matsayin kuɗin suna. Duk shekara sai an auna shi, in ribar ba ta kai ba a soke shi a rubuta asara. Manya ma sun faɗa wannan rami: kamfanin kwamfuta na Amurka, HP, ya sayi kamfanin manhajar kwamfuta na Ingila, Autonomy, kan kusan dala biliyan 11 a 2011, a 2012 ya soke biliyan 8.8.

Ni dai ina zargin gasar ce ke jan ka, Alhaji. Mu 'yan Kano ba ma son a ce wane ya ƙwace mana ciniki. Ka yanke iyakarka da akanta kafin ka koma. In mai ita ya dage ribar ta kai, ka ba shi 600 yanzu, sauran ya biyo baya in ribar ta tabbata. Kuma a binciko maka bashin haraji, na wuta, da kuɗin sallamar ma'aikata kafin ka sa hannu.