Amsa ga ɗan'uwan da ƙaramar hukuma ta ba aikin tsara shiri

Malam, ka ce ƙaramar hukuma ta kira ka ka tsara mata shirin samar da ayyukan yi da na kiwon lafiya, kana tambayar ta ina za ka fara. Wallahi na ji maka, duk mai wannan sana'a a Kaduna ya san zafinta.

Kada ka ɗaga biro sai takardar ba da aiki ta zo hannunka, da sa hannu da hatimi, kuma ka ga layin kuɗin a kasafin shekarar da idonka. "Ciyaman ya ce a fara" ba takarda ba ce. A raba biyan kashi uku: kafin alƙalami, bayan daftarin farko, sannan ranar miƙa aiki. Nan ake cin mutane. Za ka zagaye gundumomi da man motarka, ka biya yaran da suka tattaro bayanai daga aljihunka, ka miƙa rahoto, sai wanda ya kawo ka ya daina ɗaga waya. Fayil ya kwanta a ofishin ma'aji, kullum "a dawo jibi". Kafin ka ankara an canza shugaba, sabon ya ce bai san zancen ba, kuma rahotonka ne za a sauya wa bango a ba wani yaronsa. Allah ya isa kawai.

Ɓangaren lafiya, fara da mai kula da lafiya matakin farko na ƙaramar hukumar, ka karɓi alƙaluman wata 12 daga DHIS2, manhajar da gwamnati ke tattara bayanan asibitoci a ciki, amma ka gwada su da rajistar asibitoci uku ko huɗu, don sau da yawa ba sa daidaita. Gundumomi 255 ne a jihar, kowacce da kwamitin ci gabanta, ka zauna da su. Ka bambance abin da kuɗin BHCPF (asusun tarayya na kiwon lafiya matakin farko) da inshorar KADCHMA (hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna) suke ɗauka, kada ka sa ƙaramar hukuma ta sake biyan abin da aka riga aka biya. Kuma shugabanni gini suke so, alhali matsalar ungozoma ce, da ruwa, da wutar firjin rigakafi.

Af, hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, kada ya ruɗe ka. Tambayi ma'aji nawa ke saura bayan albashin malaman firamare, a kan wannan za ka gina lissafi.

Ayyukan yi kuwa, don Allah a bar rabon keken ɗinki, kafin sati ya zagayo yana kasuwa. Dubi abin da ƙasar ke fitarwa: citta a Kachia, masara a Saminaka, rake a Maƙarfi. Haɗa matasa da masu sana'ar da ke da ciniki, a biya ubangidan rabi, ragowar sai yaro ya yi wata shida yana aiki.

Takardun CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da lambar harajinka su zama a shirye tun yanzu, da su ake fakewa ranar biya.